Ruwan Wanke Hannu a Krachi

Da la'asar sakaliya Mutaru Alidu ya sauka daga mota a Kete Krachi, da yunwa a cikinsa da mita a bakinsa. Tun safe yana kasuwar doya ta Kpandai yana fama da masu lodi, bai sa komai a baki ba sai ɓarin goro, saboda 'yarsa Firdaus ta ce masa a waya ya zo da cikinsa wayam. Ya tari mai babur, ya ce a kai shi sabon otal ɗin nan da aka gina a kan dutse, mai kallon tafki.

Mutaru ɗan Salaga ne, jikan fataken goro, kuma a gidansu ba a wasa da abinci. Tun zamanin kakansa akushi a zaure ake ajiye shi, duk wanda ya gifta sai an kira shi, in ya ci kuma a taka masa. Shi ya sa da Firdaus ta ce za ta tafi Accra koyon girki, abin ya tsaya masa a wuya. Girki kuma har sai an je makaranta? Uwarta, Allah Ya jiƙanta, wace makaranta ta je? Ya so yarinyar ta zama nas, ta ƙi. Ta tafi, ta gama, ta yi aiki nan da can, bai taɓa ɗanɗana ko romon hannunta ba. Yanzu an ba ta shugabancin kicin ɗin wannan otal, ta yi ta roƙo har ya gaji ya amsa.

A bakin ƙofa ta tarye shi, da farar riga da farar hula a kan ɗankwalinta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta nuna masa inda zai yi salla. Da ya idar ta matso kusa, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, abu ɗaya nake roƙo. Abincin nan kaɗan-kaɗan yake zuwa, faranti bayan faranti. Ka zauna har na ƙarshe. In ka ci na ƙarshen, ka faɗa mini gaskiya. In ya yi, ka sa mini albarka."

"In bai yi ba fa?"

Ta yi murmushi, amma idonta bai yi ba. "Zai yi, Baba. Kuma don Allah, nan ba a kiran mutane su zo su ci. Kowa da teburinsa."

"To, na ji," in ji shi, a ransa kuwa cewa yake lallai duniya ta zo ƙarshe.

Wata ma'aikaciya mai suna Sahada ta kai shi teburinsa a baranda, can gefen da ake hango ruwa. Tafkin ya shimfiɗu a ƙasa, ja-ja da sauran hasken rana, ga ƙusoshin matattun itatuwa sun leƙo daga cikinsa. Kowa a ƙasar nan ya san tsohon garin Krachi da zangonsa suna ƙarƙashin wannan ruwa tun da aka datse kogi. Mutaru bai damu da kallo ba. Abin da ya dame shi shi ne teburin. An jera masa cokula da wuƙaƙe dama da hagu kamar kayan bakanike. Ga wutar lantarki a gidan, amma an rage ta, an kunna kyandir a cikin kwalba. Turawa da manyan Accra suna zaune suna magana ƙasa-ƙasa, sai ka rantse gaisuwar mutuwa aka zo.

Sahada ta dawo da ɗan tawul mai tururi, ta miƙo masa da ɗan awartaki.

"Wannan fa?"

"Na hannu ne, Baba. Ka goge."

"Ruwan wanke hannu nake so, 'yata."

"Shi ke nan ruwan, Baba. Nan haka muna yi."

Ya goge hannun don kada a ce ya yi ƙauyanci, ransa na suya. Ya jira. Ya sake jira. Rana ta ƙarasa faɗawa cikin ruwa, kwaɗi suka fara kuka a ƙasan dutse, cikinsa yana taya su. Can sai ga Sahada da faranti mai faɗin faifai. Ta ajiye, ta ja baya, tana murmushi kamar ta kawo rago.

A tsakiyar farantin akwai gutsuren doya wanda bai kai goro ba. An ɗora masa ganye guda, an ja layin miya a gefe kamar yaro ya goge yatsa. Mutaru, mutumin da yake cika manyan motoci da doya har Kumasi, ya dubi abin ya dubi Sahada.

"Ina sauran?"

"Shi ke nan fa, Baba. Na buɗe baki ne. Shef Firdaus ta ce ka ci a hankali, ka ji daɗin shi."

Ta tafi. Ya ɗauki cokali mai yatsu, ya soki doyar, ta zille ta zagaye farantin. Ya sake, ta sake zillewa. Ya ajiye cokalin da ƙarfi har wata baturiya ta waiwayo. Takaici ya cika shi, irin takaicin da ba ka da wanda za ka sauke wa.

A nan ne ya lura da mutumin.

Can ƙarshen baranda, inda matakala take gangarawa zuwa tafki, wani dattijo yana zaune shi kaɗai inda haske bai kai ba. Ba faranti a gabansa, ba ko kofin ruwa. Rigarsa irin saƙin zamanin da ce, mai nauyi, da rawani wanda ya rufe haɓa. Ba motsi yake ba. Farantin Mutaru kawai yake kallo.

Mutaru ya tuna gargaɗin Firdaus sarai. Amma a ce yana zaune da abinci, komai ƙanƙantarsa, dattijo yana kallo, ya yi shiru? Ba a haife shi a gidan da ake haka ba. Kuma gaskiya, akwai ɗan son ya ƙuntata wa masu dokar.

"Malam," ya ce, ya ɗaga hannu. "Matso mu ci."

Dattijon ya miƙe. Bai yi sauri ba, amma kafin Mutaru ya gyara zama har ya iso. Kujerar da ya zauna a kai ba ta yi ƙara ba. Wani wari ya zo tare da shi, warin laka da tsohuwar igiyar da ta daɗe a rijiya.

"Sannu da hutawa, mai gida," in ji shi. Muryar can ƙasa, kamar mai magana a cikin tulu.

"Yauwa, sannu kadai. Ga shi, ba yawa."

Baƙon ya sa yatsu biyu ya ɗauke doyar. Mutaru bai ga ya tauna ba, sai dai ya ga faranti fes.

Da Sahada ta zo ɗauka ta yi fara'a. "Ehee, Baba ya cinye! Ya yi daɗi, ko?" Sai ta dubi ƙasa ta ɓata fuska. "Wa ya zubar da ruwa nan?"

"Bar zancen ruwa. Ba ki ga na yi baƙo ba? Ki kawo faranti biyu."

Ta dubi kujerar, ta dube shi, ta yi 'yar dariyar da ake yi wa tsofaffi. "Tebur na mutum ɗaya ne, Baba."

Ka ji rashin kunya. Mutum yana zaune da ransa, a ce ba a san da shi ba don ba a rubuta sunansa ba. Mutaru ya ba baƙon haƙuri, ya ce 'ya'yan zamani ne. Harshen kyandir ɗin da ke tsakaninsu ya kwanta gefe guda, ya ƙi tashi, alhali ba iska.

Aka kawo kifi, ɗan yanki kamar yatsu biyu, da wani kumfa a kansa. Mai gida ba ya ci ya bar baƙo, don haka Mutaru ya tura farantin. Aka daɗe, aka kawo nama, loma guda ba ƙari. Ya sake turawa. Duk abin da 'yarsa ta aiko daga kicin, cikin baƙon ya tafi. Yunwa ta ƙara addabar Mutaru, kunya kuma ta fi yunwar ciwo, don bai taɓa kiran mutum ci ya ba shi abin da ko kaza za ta raina ba.

"Gidan Alidu mai masauki," in ji baƙon a hankali. "Salaga."

Mutaru ya ɗago. "Ka san gidanmu?"

"Mun sha sauka. Ba a tashi da yunwa a gidanku." Ya ɗan karkata kai. "Yau ga shi ka kira ni, ban ƙoshi ba. Kai kuma ko loma ba ka kai ba."

"Wallahi, Malam, ka gani da idonka. Ba gidana ba ne."

"Namu yana nan ƙasa. Zango. An sauke tukunya."

Sai ƙamshin ya taso. Daga wajen matakala ya zo, ya danne warin laka, ya danne turaren otal ɗin. Ƙamshin doya sabuwar daka, da miya mai daddawa da busasshen kifi, da man shanu yana narkewa a kai. Can ƙasa kuma ana jin taɓarya tana sauka a turmi, dum, dum, dum. Yawu ya cika bakin Mutaru.

Ya dubi ƙofar kicin. Ya yi wa yarinyar alkawari. Amma ai ba tafiya zai yi ba, rakiya ce, kuma baƙo dole a taka masa. Yadda mutanen nan suke jan ƙafa, zai je ya dawo ba su gama yi wa faranti na gaba kwalliya ba.

"Mu je in taka maka," ya ce.

Matakalar dutse ce, mai santsi. Baƙon yana gaba, rigarsa tana jan ƙasa tana barin layin jiƙa. Kiɗan otal ya yi nisa. Ƙarar cokula ta ɓace. Suna cikin sauka kwaɗi suka yi tsit, gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki.

Dakan ne kawai bai tsaya ba.

Da matakala ta ƙare, sai ga lungu. Katangun ƙasa hagu da dama, fitilun aci-balbal a bakin zauruka, huhunan goro jingine da bango, warin kashin jakuna. Mutaru ya yi mamaki. Ya sha zuwa Krachi, bai san akwai unguwa a nan ba.

Sanyi ya kama ƙafafunsa. Ya ce raɓa ce.

Mutane suna zazzaune a ƙofar gidaje. Ya yi sallama, ba wanda ya amsa. Kawunansu kawai suke juyawa suna bin sa, a hankali, duk tare. Rigunansu suna ɗan lilo ko da suna zaune. Hayaƙin murhu ba sama yake tafiya ba, yaɗuwa yake gefe kamar an zuba nono a ruwa.

Sanyin ya hau gwiwa. Ƙafarsa ta yi nauyin ɗagawa.

"Malam, da sauran nisa? Ana jirana."

"Mun iso."

Wani abu mai santsi ya goge shi a ƙwauri ya wuce. Ya duba, bai ga komai ba.

Tsakar gida ce. An shimfiɗa tabarma, ga akushi a rufe, tururi yana fita ta gefen murfin. Dakan ya tsaya. Da ya waiwaya, mutanen lungun duk sun biyo su, sun tsaya sun kewaye tabarmar. Ba mai tari. Ba mai numfashi da za a ji.

Sanyin ya kai ƙirji.

"Zauna, mai gida," in ji baƙon, kusa da kunnensa. "Nan ba mai sa ka jira."

Aka buɗe akushin. Malmala ce fara, ƙatuwa, miya ta kewaye ta. Tsoro yana gaya masa ya gudu, yunwa tana gaya masa loma ɗaya kawai. Wata mace wadda mayafi ya rufe mata fuska ta durƙusa a gabansa, ta miƙo ƙwarya cike da ruwa.

Ruwan wanke hannu. Abin da ya roƙa tun ɗazu aka hana shi.

Ya tsoma hannun dama.

Tun yana yaro a zauren kakansa, da zarar hannunsa ya taɓa ruwan ci, bakinsa yake faɗa da kansa, ba sai ya yi tunani ba. Yanzu ma haka.

"Bismillah."

Kafin ya rufe baki ya tuna. A sama bai faɗa ba. Tawul aka ba shi, ba ruwa, sai bakin ya manta. Ya buɗe abinci ba sunan Allah, sannan ya kira mai ci.

Fitilun suka mutu.

Ba tabarma. Ba katanga. Ruwa ne har haɓarsa, baƙi, mai sanyin ƙanƙara, da matattun itatuwa tsaye kewaye da shi daidai inda mutanen suke. Laka ta riƙe ƙafafunsa.

Hannun damansa kuma yana ƙasa, kuma ana riƙe da shi.

Yatsu ne. Ya ji su ɗaya-ɗaya a wuyan hannunsa, suna ja a hankali, ba gaggawa.

Ruwa ya shiga bakinsa. Ya tofar, ya kama Ayatul Kursiyyu, rabi a fili rabi a cikin ruwa. Hannun hagunsa ya laluba ya damƙi wani kututture. Ya ja. Aka ja. Kafaɗarsa ta yi ƙara.

Daga ƙarƙashin ruwa, daidai cikinsa, muryar ta taso da kumfa.

"Ka wanke hannu, mai gida. Ba ka ci ba."

Ya ƙwala kabbara da duk sauran numfashinsa, ya fizge. Yatsun suka zame daga wuyan hannu zuwa tafi, daga tafi zuwa kan yatsunsa, suka saki.

Bai san yadda ya kai gaɓa ba. Da rarrafe ya hau matakalar, ba hula, ba takalmi, bai waiwaya ba ko sau ɗaya. Sai da ya ji ƙarar cokula sannan ya yarda yana duniya.

Barandar tana nan yadda ya bar ta, masu ci suna ta raɗe-raɗensu. A gefen teburinsa Firdaus ce tsaye, tana kallon kujerar da ba kowa. An kwashe cokulan nan duka. A madadinsu ga kwano a rufe, ga buta da ɗan daro. Idanunta sun yi ja. Ta riga ta gama yanke wa kanta cewa ya gaji ya tafi tasha.

Da ta gan shi sai ta saki salati. "Baba! Me ya same ka?"

"Santsi ne. Na sauka shan iska." Haƙoransa suna haɗuwa. "Wannan ne na ƙarshen?"

"Baba, ka canza kaya tukuna, ka ga jikinka..."

"Wannan ne na ƙarshen?"

Ta gyaɗa kai. Ta yafa masa babban tawul, ta buɗe kwanon. Sakwara ce, cike da kwano, da miyar busasshen kifi da daddawa.

"Doyar Salaga ce. Ni na daka da hannuna, ban bar kowa ya taɓa ba. Miyar kuma irin ta Mma ce. Waɗancan na otal ne, Baba. Wannan naka ne." Ta ɗaga buta. "Kawo hannu."

Ta zuba masa ruwa. Ya yi bismillah da ƙarfi, har baturiyar nan ta sake waiwayowa. Ya gutsura, ya dangwala, ƙamshin ya daki hancinsa, ƙamshin girkin matarsa sak, har idonsa ya kawo ruwa. Ya kai baki.

Laka.

Laka mai sanyi, mai wari, da ɗan yashi a haƙori. Ya haɗiye da ƙyar. Ya gutsuri wani gefen. Laka. Ya dubi hannunsa. Ruwan ɗumi aka zuba masa, amma hannun yana nan da sanyinsa, fatar yatsun ta yamutse kamar ta mai wanki, kuma ruwa yana tsattsafowa daga tafin.

Firdaus tana tsaye, ta harɗe hannu a ƙirji, ko ƙiftawa ba ta yi.

Mutaru ya sunkuyar da kai ya ci gaba. Loma bayan loma, yana danne amai, hawaye suna gangarowa cikin gemunsa, ita kuwa tana ganin na daɗi ne. Ya cinye tas, ya suɗe kwanon kamar yadda yake yi wa uwarta.

"Hannun uwarki ne," ya ce. "Allah Ya yi miki albarka, Firdausi. Allah Ya sa albarka a wannan sana'a taki."

Ta durƙushe a wurin, ta rufe fuska da hularta, tana kuka tana cewa amin.

Ya koma Salaga washegari. Hannun bai bushe ba har yau. An yi rubutu, an yi turare, an je wurin malamai har Yendi, ba abin da ya sake. Ya gwada cokali, abin da ya raina, ashe duk abin da hannun ya riƙe sai ya ɗauki ɗanɗanon. Da farko ya ci gaba da fitar da akushi zaure, sai ya ga abokan cinsa suna yin loma ɗaya su tuna suna da uzuri. Daga nan ya daina. Yanzu a ɗaki yake ci, shi kaɗai, ƙofa a rufe, kuma mutanen unguwa suna cewa Mutaru ya tsufa ya koyi rowa.

Firdaus tana kira duk Juma'a. Muryarta cike da murna, tana ba shi labarin sabuwar miyar da ta haɗa, tana cewa ba za ta sa ta a gaban baƙi ba sai ya zo ya ɗanɗana ya faɗa mata gaskiya, tunda shi ne bai taɓa yi mata ƙarya a kan abinci ba.

Yakan riƙe wayar da hannun hagu, na daman yana ɗiga a kan tabarma.

"Hanyar ce ba kyau, 'yata," yakan ce. "Bari ruwa ya ɗauke."